Darasi na 9: 'Yar Riƙo da Farantin Talla

A fara da karanta wannan labari a hankali, kowa ya bi da yatsa.

Wata yarinya ce 'yar shekara 9. Daga wani ƙauye a ƙasar Dukku aka kawo ta cikin garin Gombe, hannun goggonta a Jekadafari, da sunan za a sa ta makaranta. Shekara ta zagayo, ko ƙofar aji ba ta gani ba. Da asuba ita ce a bakin famfo. Da hantsi ta ɗauki farantin gyaɗa ta nufi tasha, ba ta dawowa sai bayan isha'i. Ran da kuɗi ba su cika ba, a zane ta da wayar wuta, ta kwana ba tuwo. 'Ya'yan gidan kuwa kullum suna makaranta.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta ga tabo a bayan yarinyar. Ta bari sai da gida ya yi shiru, ta yi sallama.

"'Yata, yarinyar nan ta ɗan'uwanki ce fa. Me ya samu bayanta?"

"Inna, ai horo ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Haka ne 'yata. Amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba."

Horo daban, cutarwa daban

Horo shi ne a nuna wa yaro kuskurensa don ya gyara. Cutarwa kuwa babba ne ke huce haushinsa a jikin ƙarami. Duk hukuncin da ya fitar da jini, ya bar tabo, ya ƙona fata ko ya hana yaro abinci, ya tashi daga horo. Mari ɗaya a kunne na iya fasa dodon kunne, yaro ya girma ba ya ji sosai, a riƙa cewa taurin kai ne. Jariri kuma ba a jijjiga shi da ƙarfi don ya daina kuka. Wuyansa bai yi ƙwari ba, jini na iya zuba a cikin kansa, ya makance ko ya rasa ransa. Idan kuka ya ishe ki, ki kwantar da shi wuri mai kyau, ki fita tsakar gida ki sha iska.

Akwai cutarwar da ba ta barin tabo. Yaron da kullum ake ce masa "ɗan banza" ko "jaki" yakan yarda da haka. Sai ka ga yana firgita idan an ɗaga hannu, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina, ko ya gudu ya koma kwana a tasha. Sakaci ma cutarwa ne: barin yaro da zazzaɓi kwana da kwanaki ba asibiti, ƙin yi masa rigakafi, barin mai rarrafe kusa da murhu ko rijiyar da ba murfi.

Talauci na da hannu a ciki, haka mutuwar aure, kishi tsakanin matan gida da shaye-shaye. Sai dai a ganina maganar da ta fi ɓarna ita ce, "Mu ma haka aka yi mana." Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce ko "tir" bai taɓa ce masa ba. Anas ba ɗan cikinsa ba ne.

Abin da ba a so a faɗa

Yarinyar da ke yawon talla har dare tana shiga shago, gareji da ɗakin gwauro ita kaɗai. Kuma an ce mata kada ta dawo da saura. Wanda ya ce zai saye farantin duka idan ta shigo ciki, ya san abin da yake yi. Mu sani, mai lalata yara sau da yawa ba baƙo ba ne. Wanda yaron ya sani ne, har iyaye sun amince da shi. Yara maza ma ana yi musu.

Idan yaro ya buɗe baki ya faɗa, kada a daka masa tsawa, kada a ce ƙarya yake. A ce masa, "Ka kyauta da ka faɗa, ba laifinka ba ne." A kai shi asibiti nan take, kafin a yi masa wanka, kuma a ajiye tufafin da ke jikinsa ba tare da an wanke ba, domin shaida ce. Maganin da ke hana kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki dole a fara shan sa cikin awa 72, wato kwana 3, kuma gara a fara tun ranar farko. Nan ne masu cewa a rufa asiri suke cutar yaro sau biyu: ana zaman sulhu a zaure, lokacin magani yana wucewa. Wanda aka rufa wa asiri kuma gobe gidan wani zai shiga.

Ina za a kai ƙara?

Dokar kare haƙƙin yara da Najeriya ta yi a 2003 ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ba ta ware 'yar riƙo ba.

Ƙaramin abu a fara kamar yadda tsohuwar nan ta yi, cikin sirri da lallashi. In bai gyaru ba, a sanar da iyayen yaron na asali, da mai unguwa, da liman ko fasto. Amma rauni mai tsanani da fyaɗe sun wuce zaure. Na asibiti ne da 'yan sanda da ma'aikatar harkokin mata ta jiha. Idan an ɗauko yara daga ƙauye ana raba su aikatau ana karɓe kuɗinsu, wannan aikin hukumar NAPTIP ne mai yaƙi da safarar mutane.

A tattauna a aji: da kai ne mahaifin yarinyar nan a ƙauye, sau nawa za ka zo ganin ta a shekara, kuma me za ka tambaye ta idan kun keɓe?

Aikin gida: kowa ya rubuta sunayen yaran da ke kwana a gidansa, har da na riƙo da masu aiki, da shekarun kowanne da alƙaluma. A gaban sunan mai zuwa makaranta a rubuta ajinsa. A gaban sunan mai talla a rubuta ƙarfe nawa yake dawowa gida. A zo da littafin darasi mai zuwa.