Darasi na 6: Wasa da ƙwarya da ludayi

Darasin yau ba sai an sayi komai ba, kayan aikin duk suna madafarki: ƙwarya, ludayi, murfin tukunya, gwangwanin madara da aka wanke tas aka duba bakinsa ba ya yanka.

Ɗan wata 6 zuwa shekara 1, ki zaunar da shi kan tabarma ki miƙa masa ludayi da ƙwarya ya yi ta bugu. Eh akwai ƙara, sai haƙuri. Zai jefar ki ɗauko ya sake jefarwa har ki gaji, to ba rashin ji ba ne, gwadawa yake ya ga ko kullum ƙasa abin ke faɗawa. Ki rufe ludayin da gefen zane yana kallo ki ce "ina ludayi?", ranar da ya yaye zanen da kansa ya gane abu ba ya ɓacewa don an daina ganinsa.

Ɗan shekara 2 zuwa 3 kuwa tuwon ƙasa ne sana'arsa. Ki bar shi ya cika gwangwani da yashi ya juye, ke kuma bakinki kar ya yi shiru, "ya cika", "saura rabi", "babu komai", da haka kalmomi ke shiga. Amma a kula da ƙasar da yake wasa. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje ƙurar na gauraya da ƙasar tsakar gida. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Tsakuwa, wake da ƙwallon dabino ba na wannan shekarun ba ne, baki suke kaiwa su shaƙe.

Daga shekara 4 sai ki jawo shi tsintar wake, ya ware wake gefe masara gefe, ku ƙirga tare har 10. Nan ne ma riba biyu, ke da kike koyon baƙi da wasali yanzu ki zana masa harafin farko na sunansa a ƙasa da yatsa, in Bala ne B, ya bi sahu, kin yi bita shi ma ya samu. Da dare in kin ce "ga ta nan ga ta nanku" kar ki kai ƙarshe a guje, ki tsaya a tsakiya ki tambaye shi me yake gani Gizo zai yi wa Ƙoƙi, ko shirme ya faɗa ki saurara.

Waya fa? Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar ɗan ƙasa da shekara 2 kar a zaunar da shi kallo, daga 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa 1 a rana.

Aikin gida: ki gwada wasa ɗaya cikin waɗannan, ki rubuta sunan wasan da shekarun yaron a littafinki, ki zo da shi aji mako mai zuwa.