Kurakuran da muke yi wajen shuka a gidajenmu na Legas, da yadda za a gyara

Shekara uku ke nan da muka fara 'yar ƙungiyar masu shuka a unguwarmu ta Agege. Ba mu kai mutum ashirin ba: akwai 'yan tireda, akwai direbobi, akwai matan aure masu kayan miya a bokiti a bayan ɗaki. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata muna haɗuwa bayan La'asar, mu leƙa gidan ɗaya daga cikinmu, mu yi musayar iri da rassan dashe. A wannan zagayen na lura cewa yawancin shukar da ta mutu, abu ɗaya ne ajalinta. Muna zaune a Legas, amma da ilimin noman Kano da Katsina muke taɓa ƙasa.

Batun ruwa shi ne kan gaba. Mun taso a inda ƙishi ke kashe shuka, shi ya sa da mutum ya yi dashe sai ya haƙa masa gurbi kamar kwano don ruwa ya tsaya. A Arewa dabara ce mai kyau. A nan kuwa ruwan da ke sauka a shekara ya kai ninki biyu na Kano, kuma lokacinsa daban ne: yana kankama a watan Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya sassauta a Agusta lokacin da can gida ake tsakiyar marka, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Shukar da ke cikin gurbi sai saiwarta ta kwana a ruwa ta ruɓe. Ganye ya yi rawaya ya yanƙwane, mai ita ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara mata bokiti guda. Na ga hakan ya faru a gidaje da dama, kuma abin yana da ciwo, domin kulawa ce ta yi yawa. Gyaran shi ne a ɗaga ƙasa a yi tudu ko kunya mai tsayin taƙi ɗaya, a dasa a kai. In a bokiti ne ko buhu, a huda gindinsa wuri huɗu ko biyar. Kafin ka yi ban ruwa, tura yatsa cikin ƙasa. In ka ji danshi, bar ta sai gobe. Bishiya kuma a dasa ta a Afrilu ko farkon Mayu, ta kama ƙasa kafin ruwan Yuni. Wanda ya bari sai Oktoba, to ya shirya sayen ruwa wajen 'yan garuwa daga Disamba har Fabrairu.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma shi na fi so mu tsaya a kansa. Idan aka ce a shuka tsiron gida, wato ɗan asalin ƙasarmu, yawancinmu dogonyaro da zogale da mangwaro ke faɗo mana a rai. Dukkansu daga yankin Indiya suka fito. Dogonyaro ma sai a 1928 aka kawo shi Borno. Gwanda daga nahiyar Amurka take. Doguwar bishiyar nan siririya da ake jerawa jikin katangar gidajen masu hali, ita ma 'yar Indiya ce. Ba na cewa a tumɓuke su, ni kaina ina da zogale. Amma sabo da abu ba shi ke mai da shi ɗan ƙasa ba. Akwai kuma masu ɗauko kaɗanya da ɗorawa daga gida saboda kewa. Waɗannan namu ne, amma na dajin Arewa mai dogon rani ne, laimar Legas tana wahal da su.

Tsiron wannan ƙasa yana nan a gaban idonmu, kuma da yawansa muna da sunansa da Hausa. Shuwaka, wadda Yarabawa ke kira ewuro, reshe kawai za ka soka a ƙasa ta kama, in ka jera ta ta zama shinge, kuma ga miya ga magani. Ɗaɗɗoya, efirin ɗinsu, tana son gefen da rana ke bugawa. Lalo shi ne ewedu, mako biyar ko shida ka fara tsinka. Ugu yana hawa katanga ya lulluɓe ta. Aduruku, wato akoko da ake sa wa mai sarauta ganyensa ranar naɗi, bishiya ce mai miƙewa sama ba ta baje rassa, ta dace da ƙaramin tsakar gida. Moɗa tana rayuwa a lungun da kowa ya manta da shi. Inda ruwa ke kwanciya, albasar kwaɗi tana yin fure mai kyau, sai dai gindinta guba ne, a nisanta ta da yara da awaki. Ganyen da ake naɗe alala da shi kuwa inuwa yake so, wurin da sauran shuke-shuke ke ƙi.

Rabin waɗannan daga wata dattijuwa Bayarabiya maƙwabciyarmu muka koya. Ranar da na je na ce mata, "Mama, me zai yi a bayan ɗakina da rana ba ta shiga?", ba ta yi dogon bayani ba, tono min saiwar ganyen alala ta yi ta miƙo min. Kakanninmu da suka zauna Agege cinikin goro ne ya kawo su, goron da wannan ƙasa ta fitar. Ba kunya ba ne mu tambayi masu ƙasar abin da take so. 'Yan'uwanmu masu lambu a wajen Ojo su ma sun san ta ciki da bai, a tambaye su.

Tsiron da ba a san halinsa ba, kada a zubar da shi a kwata ko rafi don an gaji da shi. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ke toshe wa kwale-kwale hanya a Ikorodu daga Kudancin Amurka take, kuma a 1984 aka fara ganinta a ruwan Badagry. Har yau ana fama da ita.

Akwai masu kuskuren girma. Agwaluma da goro da rimi duk 'yan ƙasa ne, amma manyan itatuwa ne. A leda suna da ban sha'awa, bayan shekara goma saiwa ta tsaga katanga ko ta shiga sokawe. In filinka bai kai ka bar taku goma tsakanin bishiya da gini ba, ka haƙura da su. Kishiyar wannan kuma shi ne a malale tsakar gida duka da siminti ko intalok, ruwan sama ya rasa inda zai nitse, ya kwarara ƙofar maƙwabci. Ko zirin ƙasa mai faɗin kamu biyu aka bari jikin katanga, zai sha ruwa ya ɗauki shuwaka da ɗaɗɗoya.

Taki: ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona saiwa. A tara shi gefe, a haɗa da busasshen ganye, a riƙa juyawa har ya yi baƙi warinsa ya tafi, wata biyu zuwa uku. Baƙar lakar kwata tana ruɗin mutane, amma akwai baƙin mai da ƙazantar gari a cikinta, kada ta kusanci abin da za a ci. Masu zama Ajah da Lekki ƙasarsu rairayi ce, wani wurin har da gishiri, sun fi mu na jar ƙasa buƙatar ruɓaɓɓen taki. Sannan farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunyar fure da tsohuwar tayar da ake yi wa shuka zobe da ita gidan sauro ne. Mako guda ya ishi ƙwansa ya zama sauro, a riƙa zubar da ruwan.

Mu a ƙungiyance ma mun yi namu. Tun 2008 jihar Legas ke gangamin dashen itatuwa, ranar 14 ga Yuli ce ranarsa. Shekararmu ta farko mun fito aikin gayya, mun dasa da yawa a bakin hanya, muka watse ba tare da an ce wane ne mai wannan ba. Rani ya ci wasu, ragunan layya suka ƙarasa sauran. Yanzu kaɗan muke dasawa, kowace bishiya da mai ita, wanda shagonsa ko ƙofarsa ke kusa, kuma ana kewaye ta da gora da raga tun ranar farko. Gefen titi na hukuma ne, sai a nemi izinin LASPARK, hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa ta jihar Legas, kafin a dasa, haka ma kafin a sare bishiya. Ɗan haya kuma ya fara magana da maigida kafin ya haƙa rami. In bai yarda ba, bokitin fenti da buhun shinkafa suna ɗaukar lalo da ɗaɗɗoya da moɗa, ranar tashi a ɗora su a mota tare da katifa.