Karatun yara a gida: ku fara da abin da ke gabanku

Assalamu alaikum iyaye. Ga dabarar da ta yi min aiki da 'yata 'yar aji biyu, ko za ta amfani wani.

Da ina matsa mata da littafi bayan isha'i, ga gajiya, ga zafi, wani lokacin ma ba wuta. Sai kuka. Na daina.

Yanzu in muka shiga danfo daga Agege zuwa Oshodi, ita ke karanta min rubutun jikin motoci da allunan shaguna. A kicin kuwa gwangwanin Milo ne littafinta. Takan ɗora yatsa ƙarƙashin kalma, ta bi ta gaɓa-gaɓa. In ta cije, sai in ƙirga biyar a zuci kafin in taimaka. Jiran nan ne mai wuya, wallahi, baki har ƙaiƙayi yake.

Yaranmu a nan Turanci da Yarbanci suke gani a makaranta, Hausa sai a baki. Shi ya sa nake rubuta mata cefane da Hausa, tumatir, albasa, attarugu, ta karanta min a kasuwar Mile 12. Minti 10 ya isa, ku tsaya tun ba ta gundura ba.