Kafin ku ɗauki sabon yaro a tawagar PUBG

'Yan uwa masu haɗa tawagar PUBG Mobile (wasan harbi na waya) a Gusau, kada yawan kisa ya ruɗe ku. A manyan gasa, kisa ɗaya maki ɗaya ne, wanda ya zo na farko kuwa maki 10. Ku buga wasa biyar da sabon yaron, ku ɗauki bidiyon allon wayarsa. Ku lura da lokacin da yake tashi idan da'ira (yankin da ake tsira a cikinsa) ta fara matsewa. Mai tsayawa kwasar kaya har ta cim masa zai jawo muku asara, komai iya harbinsa. Yana faɗin inda abokan gaba suke, ko gum yake yi? Yana ajiye gurnetin hayaƙi don tada wanda aka kayar? In netwok ɗinsa ba ƙarfi, ku sake gwada shi a wani wuri. Bayan wata guda, ku duba ko ya bar kuskuren da kuka nuna masa.