Yadda Ake Ba Kare ko Kyanwa Maganin Tsayar da Amai Idan Abin Ya Yi Tsanani

Yawancin masu kawo mana kare ko kyanwa mai amai asibitin dabbobi sun riga sun bi ta kemis kafin su iso. An ba su Plasil, wato maganin tsayar da amai, ko wata allurar da ba su san sunanta ba, amai ya lafa na yini guda, hankalin mai gida ya kwanta, sai a rana ta 3 a ɗauko dabbar a tsumma ta kasa tsayuwa da ƙafafunta. Maganin tsayar da amai yana da amfani ƙwarai, kullum muna aiki da shi, amma aman kawai yake rufewa, ba ya taɓa abin da ya jawo shi. Shi ya sa ake bin abin daki-daki.

Mataki na 1: ka kalli abin da ya fito

Kafin ka wanke wurin, ɗauki wayarka ka yi wa aman hoto. Kumfa ce fara, ruwan ɗorawa ne na kumallo, ko akwai jini, ko wani abu baƙi-baƙi kamar garin kofi? Sau nawa ya yi tun safe? Ka kuma lura da yadda ya fito. Amai na gaske yana zuwa da dalalar miyau da lashe-lashen baki da kakari, ciki yana motsi. Idan kuwa abinci ya zubo kawai ba yunƙuri, yadda aka haɗiye shi, matsalar maƙoshi ce, maganin amai ba zai yi mata komai ba.

Sai ka ɗaga leɓensa ka taɓa dasashi. Idan ya bushe yana kama yatsa, ko ka ja fatar wuya ta ƙi komawa da sauri, ruwan jiki ya yi ƙasa.

Mataki na 2: ka tabbatar hanji bai toshe ba

Nan ne ake rasa dabbobi, kuma nan zan fi daɗewa. Metoclopramide, wanda aka fi sani da Plasil ko Maxolon, aiki biyu yake yi: yana danne saƙon amai a ƙwaƙwalwa, yana kuma sa tumbi da farkon hanji su riƙa matsawa suna tura abin da ke ciki gaba. Idan hanyar a buɗe take, madalla. Idan wani abu ya tokare, to ka sa hanji yana matse abin da ba zai wuce ba, har wurin ya ƙuje ko ya huje.

Na ga wannan da idona a wani lokacin mangwaro. Wani mafarauci ya kawo karensa, kwana 4 yana amai, an yi masa allurar Plasil sau biyu a gida. Ya ce da ni, "Likita, aman ma ya ragu, abinci ne dai ya ƙi ci." Karen yana tsaye a ranƙwafe, ƙafafun gaba a miƙe, ƙugu a sama, ko ruwa ya lasa sai ya dawo. Da aka buɗe cikin, ƙwallon mangwaro ne ya cika ƙaramin hanji, kusan taƙi guda na hanjin ya yi baƙi ya mutu, dole aka yanke aka haɗa. Ya rayu, amma da an kawo shi a rana ta farko, ɗan tsagawa za a yi a ciro ƙwallon.

Abin da muka fi cirowa daga cikin karnuka shi ne ƙwallon mangwaro, totuwar masara, ƙashi, leda da tsumma. Ita kyanwa zare ne ajalinta, musamman a gidan da ake ɗinki. Yakan naɗe a ƙarƙashin harshe, sauran ya gangara ciki, hanji ya tattare a jikinsa kamar mazugin wando. Idan ka ga zare a bakinta ko a duburarta, kada ka ja.

Saboda haka ni dokata ita ce ba a ba da metoclopramide sai likitan dabbobi ya lalubi cikin da hannunsa, idan yana da shakka a yi hoto ko sikanin. Na san kuɗin hoto yana sa mutane ja da baya, amma bai kai rabin kuɗin tiyata ba. Wanda ke kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri yana da asibitin koyarwa na dabbobi na jami'a, ya fara da can.

Akwai kuma waɗanda ba a jira da su ko awa ɗaya. Babban kare da cikinsa ya kumbura kamar ganga, yana kakari ba abin da ke fitowa, alama ce tumbinsa ya murɗe. Muzuru mai amai da ke tsugunawa fitsari ba ya fita, mafitsararsa ta toshe. Wanda ake zaton ya ci shinkafar ɓera, a tafi da shi tare da takardar maganin, kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, kada kuma a ba shi maganin tsayar da amai, domin wataƙila likita amayar da shi zai so yi. Sai kwikwiyo ɗan sati 6 zuwa wata 6 da ba a yi masa rigakafi ba, yana amai da zawon jini mai ƙarni: wannan fabo ce (parvo), wato muguwar cutar hanji mai yaɗuwa tsakanin karnuka, har sai an tabbatar ba ita ba ce.

Mataki na 3: zaɓen magani

Idan akwai shi, maropitant na fi so, wanda kamfanin Zoetis ke sayarwa da sunan Cerenia. A Amurka aka amince da shi ga karnuka a 2007, allurarsa kuma ga kyanwa a 2012. Yana toshe hanyar ƙarshe da saƙon amai ke bi a ƙwaƙwalwa, don haka ko daga ciki matsalar ta taso, ko daga ƙoda, ko jirin mota ne, yana kamawa, kuma sau ɗaya ake bayarwa a awa 24. Allurar miligiram 1 ce ga kowane kilo na nauyin dabba, ƙwayar kuma miligiram 2 ga kowane kilo na kare. Ba a ba kwikwiyon da bai kai sati 8 ba, ko kyanwar da ba ta kai sati 16 ba, kuma ana taka-tsantsan da mai ciwon hanta. Tsadarsa ce matsala, ba kuma kowane asibiti ke ajiye shi ba. Allurar tana da zafi, amma idan daga firij aka ɗauko ta da sanyinta zafin yana raguwa sosai. Ƙarfinsa ma abin lura ne: yana iya tsayar da aman kare mai toshewar hanji har kowa ya ɗauka ya warke.

Ondansetron shi ne na biyu. Maganin mutane ne, ya fi sauƙin samu, yana rage tashin zuciya sosai, muna yawan amfani da shi ga masu fabo, sai dai sau 2 ko 3 ake bayarwa a rana. Metoclopramide ya fi su araha, amma ba ya yi wa kyanwa aiki kamar yadda yake yi wa kare, kuma yakan sa wasu rawar jiki da firgita.

Ko wanne aka zaɓa, a auna nauyin dabbar a sikeli. Kiyasin ido yana yaudara, musamman a kyanwa mai kilo 3 da gashi ya cika ta. Dabbar da ke amai a kai a kai kuma allura ake fara mata, don ƙwaya ba za ta zauna ba.

Kada a haɗa da maganin ciwon jiki na mutane. Farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibuprofen da diclofenac suna yi wa tumbin kare gyambo.

Mataki na 4: ruwa da abinci

Allurar amai ba ta mayar da ruwan da aka rasa. Wanda dasashinsa ya bushe ƙarin ruwa yake buƙata, mai fabo kuwa ruwan ne ke riƙe da ransa. A gida, idan an samu 'yan awoyi ba amai, a fara da ruwa cokali 1 ko 2 bayan kowane minti 20, kada a ajiye masa kwano cike. Idan ya zauna, a ba da farar shinkafa da dafaffen naman kaza, ba mai, ba yaji, ba albasa, kaɗan-kaɗan sau 4 ko 5 a yini. Kyanwa ba a barinta da yunwa. Idan ta kwana 2 zuwa 3 ba ta ci ba, kitse yana iya taruwa a hantarta, musamman mai ƙiba.

Mataki na 5: komawa wurin likita

Idan ya amayar da ƙwayar, kira likita kafin ka sake ba shi wata. Idan amai ya dawo cikin awa 24 duk da magani, ko ya tsaya amma dabbar tana kwance ba ta ci, ba ta bayan gida, ka mayar da ita a ranar. Allurar maropitant ba ta wuce kwana 5 a jere. Idan kwikwiyo ne mai fabo ya warke, ka tambayi ranar da za a fara masa rigakafi, sauran 'yan uwansa kuma a raba su da shi, a wanke wurin da ruwan bilic.