Yadda ake shirya kilisar kwana biyu da dawakai a bayan gari

In kuna da guruf na 'yan kilisa kuma kun gaji da zagayen cikin gari, ana ta rigima da masu adaidaita ana hayaƙi ana hon, to ku gwada fita bayan gari ku kwana can da dawakanku, daga Juma'a da yamma zuwa Lahadi. Abu ne mai daɗi sosai wallahi, amma tun daga farko ku sani dokin ne zai tsara muku tafiyar, ƙarfinsa da cikinsa da ƙafarsa su za ku duba kafin ku duba son ranku. Dokin da ya saba a fito da shi bayan la'asar a ɗan yi sukuwa a maida shi barga, in ka ɗora masa wuni guda a kan hanya ba shiri zalunci ne kawai.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An girbe gonaki an kwashe amfani, hanyoyi sun bushe, harawa ta yi araha, sauro da ƙudajen da ke cizon doki sun ragu, ga rana ba ta da zafi. Da damina kar ma ku fara, ko'ina shuka ne, doki ɗaya ya kauce ya taka gyaɗar wani an shiga magana, sannan lokacin ne ƙwarin da ke kawo cutar dawakai suka fi yawa musamman da magariba da asuba. Maris da Afrilu kuwa zafin Kano yana wuce digiri 40, ba na ba kowa shawarar ya wahalar da dabba a cikinsa.

Wajen zuwa, ga mutanen Kano ni na fi son ɓangaren Tiga da Bagauda da ƙauyukan Rano. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako yana da nisan wajen kilomita 70 daga birni, akwai ruwa akwai fili akwai duwatsu masu kyaun gani, kuma mutane suna nan ko'ina, ba daji ba ne da za ka yi tafiyar awa guda ba ka ga kowa ba. Wannan na ƙarshen shi ne babba a zamanin nan. Kar wani ya zuga ku ku nausa dajin Falgore da sunan neman waje mai shiru, ku tsaya inda ake jin kiran sallar ƙauye kuma waya tana da sabis. Mutanen Zariya ko Katsina ko Maraɗi kowa ya san nasa yankin, ƙa'idar dai ɗaya ce, inda mutanen wajen suka ce kar a je to ba a zuwa.

Mako guda kafin tafiya mutum biyu a cikinku su hau mashin su je su ga wajen da idonsu. Su fara da gidan dagaci ko mai unguwa, a gaisa a ce ranka ya daɗe ga abin da ke tafe da mu, mu kaza ne dawakanmu kaza, muna neman inda za mu sauka. Shi zai nuna muku fili, sau da yawa bayan makarantar firamare ko gindin wata tsamiya kusa da rijiya, kuma shi zai haɗa ku da 'yan sintirin garin. Ku biya ofishin 'yan sanda na yankin su ma su sani. Ku tuna baƙi ne ku, samari goma kan dawakai su faɗo ƙauye da magariba ba sanarwa, ai dole hankalin mutane ya tashi a wannan yanayi da ake ciki. Ku roƙi a ba ku ɗan gari ɗaya da zai yi muku jagora ku biya shi, shi ya san burtali, ya san inda ake noman rani, ya san gaɓar da take da laka.

Shirin dokin kuma yana farawa tun wajen sati huɗu kafin ranar. Kullum a fito da shi a yi tafiya ta ƙafa da sassarfa, ana ƙara tsawon lokacin kaɗan kaɗan har ya zama yana yin awa biyu numfashinsa bai ɗaga ba. A kira likitan dabbobi ya duba shi, maganin tsutsar ciki, allurar tetanus in ba a yi ba, a gyara kofato kamar sati biyu kafin tafiya don kar a yanke yau gobe ya hau tsakuwa yana ɗingishi. Dokin da yake tari ko majina ko yana da miki a gadon baya a bar shi gida, mai shi ya biyo mota, ba abin kunya ba ne. Sannan ku duba nauyi, abin da masana suka fi faɗa shi ne kar mahayi da sirdi da kaya su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin, dawakanmu kuma ba manya ba ne, don haka babban mutum kar ya hau ƙuru, wato ƙaramin doki, ya ce zai wuni a kai.

Kayan hawan sallah duk a bar su a gida, su jalala mai nauyi da kayan ado ba wajensu ba ne. Sirdi mara nauyi wanda dokin ya saba da shi, da shimfiɗa mai laushi wankakkiya a ƙarƙashi, a ɗauki ta canji guda saboda in ta jiƙe da gumi ta bushe tana yin tauri ta goge masa baya. Sabon sirdi ko sabon majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, kar a fara gwada shi ranar tafiya. Maganar linzami kuma ina so a ji ni da kyau, linzamin nan namu na gargajiya mai kaifi an yi shi ne don zamiya a gaban sarki, minti kaɗan an gama, in ka bar shi a bakin doki awa biyar kana fizga za ka sauka ka tarar da jini a bakinsa kuma daren nan ba zai iya cin abinci ba. A nemi mai sauƙi, kuma a bar ragama a ƙarƙashinsa yanda in an tsaya hutu sai a zare linzamin ya sha ruwa ya ci ciyawa a sake. Ƙaimi ba shi da amfani a irin wannan tafiya. Hular kwano kuwa ku sa, na san wasu za su ce ba ta yi kyau a hoto ba, amma ƙasar Rano dutse ce.

Kilomita 70 ba a hawa doki a je a ranar sannan a ce gobe za a yi yawo, don haka mota za ku ɗauka, kanta ko wata babba mai bodi mai tsayi. A zuba yashi ko ƙaiƙayi a ƙasan don kar su zame, a sa katako tsakanin doki da doki, a nemi tudu a jingina motar a hau da su a hankali ba duka ba ihu, kuma direban a gaya masa ba buhunan masara ya ɗauko ba, birki da kwana sai a hankali. Abin da ya fi shi ne masu kula da dawakan su tafi da su Juma'a da safe su samu su huta, ku kuma ku biyo bayan an sauko daga masallaci.

Abincinsu daga gida za ku taho da shi, wanda suka saba, harawarsu da dusarsu da dawa ko geron da ake ba su da 'yar kanwa. Canza wa doki abinci rana ɗaya shi ne babban abin da ke kawo ciwon ciki, doki kuma ba ya iya amai, abin da ya shiga sai dai ya wuce. Harawa a shinshina, in tana warin fumfuna a zubar. A ƙiyasta kamar kilo 6 zuwa 7 na busasshen abinci ga kowane doki a rana, ruwa kuma lita 25 zuwa 40, wato jarka ɗaya zuwa biyu, kowa da bokitinsa. Sai abu ɗaya da nake so kowa ya riƙe, gyauron dawa. Bayan girbi za ku ga gonaki sun yi toho kore shar daga tushen karan, doki yana gani zai miƙa wuya, to wannan tohon yana da guba kuma yana kashe dabba, kar ku bari ko ya ɗanɗana.

In an sauka kafin a kafa tanti a fara kafa turke. Yawancin dawakanmu ingarmu ne kuma ingarma ba ya ƙaunar ɗan'uwansa kusa da shi, don haka a ba da tazarar da ko sun juya baya ƙafa ba za ta kai ba, waɗanda aka san ba sa shiri a raba su gefe da gefe. Ku tambayi jagoranku ko akwai goɗiya a kusa, in akwai a matsa nesa, in ba haka ba haniniya da tumbuke turke za a kwana ana yi. Turken ya shiga ƙasa sosai, igiya kar ta yi tsawon da za ta naɗe ƙafa, ɗaurin kuma ya zama wanda ake warwarewa da ja ɗaya. A raba gadi, mutum biyu biyu awa biyu biyu da tocila, har gari ya waye.

Naku kayan ba su da yawa, tanti ko tamfol da gidan sauro, tabarma, bargo da rigar sanyi don hunturun bakin dam da asuba ba wasa, fawa bank, buta, risho ko ƙaramin gas, shayi da burodi, Indomie da ƙwai, kilishi da dabino na aljihu, ruwan sha na leda, da akwatin magani mai bandeji da aidin. Kifi kuwa a saya a wajen masuntan Tiga a gasa, ya fi duk abin da za ku ɗauko daga gari, kuma cinikin yana sa mutanen wajen su ji daɗin zuwanku. Wuta a share fili a hura ta nesa da dawakai da harawa, a kashe da ruwa kafin a kwanta, iskar hunturu tana ɗaukar tartsatsi ta kai shi kan karan da wani ya tara na shekara. Takalmi a kakkaɓe da safe saboda kunama. In maciji ya sari wani ba tsagawa ba ɗaurewa, a sa shi a mota sai asibiti, shi ya sa dole mota ɗaya da mai a cikinta ta kwana tare da ku. Wanka a dam kuma ku haƙura, ruwan kwance irin wannan ana ɗaukar tsargiya a ciki.

Asabar ita ce ranar hawan. Bayan sallar asuba a ba su ruwa da harawa, hatsi kaɗan ko ma a bari sai an dawo, a goge bayan kowane doki tas don ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin sirdi ta isa ta yi miki. A ɗaure majayi a hankali, a ja dokin 'yan taku, a ƙara ɗaurewa, bayan tafiyar kwata ɗin awa a sauka a sake dubawa. Doki a tafiyar ƙafa yana cin kamar kilomita 6 a awa, to kilomita 15 zuwa 20 a wunin ya isa ga masu farawa, a fita da hantsi a dawo kafin azahar, in da sauran ƙarfi a ɗan zaga da yamma. A jera ɗaya bayan ɗaya da tazarar tsawon doki, mai nutsuwa a gaba tare da jagora, gwani ɗaya a can baya, dokin da yake harbi a sanar da kowa. Duk awa a tsaya a sassauta majayi a ɗaga kofato a cire tsakuwa, a gangare mai duwatsu a sauka a ja shi. Sukuwa ba a hana ba, amma sai a filin da aka taka aka ga ba ramin gafiya ba kututturen kara, kuma ba a hanyar komawa masauki ba don a nan ne suke ƙwacewa. In kun zo shiga ƙauye ko kun haɗu da garken Fulani ko mata da tulu a ka, a koma tafiyar ƙafa a yi sallama, yara za su biyo ku da gudu, a kula da na bayan doki.

Da an dawo kar kowa ya nemi shayi sai ya gama da dokinsa. A zaga da shi har numfashi ya daidaita, a ba shi ruwa kaɗan kaɗan, a cire sirdi a shafa bayan da tafin hannu a ji ko akwai kumburi ko wajen da yake noƙewa. Ka kama fatar wuyansa ka saki, in ba ta koma nan take ba ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Dokin da ya huta bugun zuciyarsa yana tsakanin 28 da 44 a minti, zafin jiki kuma 37.5 zuwa 38.5, ma'aunin zafi ba tsada ku saya ku riƙe. In ka ga ya ƙi abinci yana tonon ƙasa yana waiwayen cikinsa yana son birgima kuma bai yi kashi ba, ciwon ciki ne, a janye abinci a riƙa zagawa da shi a hankali a kira likita nan take, lambar likitan tun daga gida ya kamata tana wayar mutum biyu. Don Allah banda ɗure ta hanci, yana wucewa huhu.

Lahadi a yi gajeren zagaye da safe kawai, a tattara leda da gwangwani a tafi da su, kashin dawakai a tara wa mai filin taki ne yana so, a je a yi wa dagaci sallama da ɗan abin goro, a sallami jagora da 'yan sintiri. A loda da wuri don a shiga gari da rana. Litinin da Talata dokin ya huta, a dai fito da shi a ɗan zaga da hannu, kuma a sake duba gadon bayansa da ƙafafunsa don wani kumburin sai washegari yake fitowa.