Yadda ake neman tallafin ɗumama gida a New York kafin a rufe

Shekara bakwai ke nan, duk lokacin sanyi, nakan zauna bayan sallar Juma'a a masallacinmu na Bronx ina taya mutane cika takardar HEAP, tallafin ɗumama gida na jihar New York. Kuɗin daga gwamnatin tarayya suke, ƙarƙashin shirin LIHEAP da aka kafa a 1981. Kaso ake yanka wa kowace jiha, in ya ƙare a rufe. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu jin Turanci su ke riga kowa, tsohuwar da sanyi ya fi karya wa gwiwa kuma sai ta ji labari a makare.

Don haka tun Oktoba ku fara da su. Galibi a Nuwamba ake buɗewa. Ku leƙa tsofaffin gininku da matan da ke riƙe da yara su kaɗai, ku haɗa musu takardu: shaidar kowa da ke gidan, takardar haya, bil na gas ko wuta ko mai, da takardun albashin makonni huɗu na baya. Direban tasi da mai kitso su nemo takardar harajinsu, don a nan aka fi tuntuɓe. A cikin birnin New York ta ACCESS HRA, shafin intanet na hukumar tallafi ta birnin, ake shigarwa.

Akwai layin da nake tsayawa a kai da kowa. Idan a gidan akwai mai shekara 60 ko fiye, ko yaro ƙasa da shekara 6, ko mai naƙasa, ana yin ƙari. Wata Hajiya ta taɓa ƙin rubuta sunan mahaifiyarta, wai kada a ce sun yi yawa a ɗaki. Na ce, “Hajiya, ai Inna ce ta fi kowa haƙƙi a kuɗin nan.” Dokar LIHEAP da kanta ta ce a fifita mai ƙaramin samu da nauyin bil. Haka nan kada a ɓoye albashin kowa. Wanda ya rage nasa, rabon maƙwabcinsa ya ci.

Mai ɗumama gida da mai ya fi samu, wanda ɗuminsa ke cikin kuɗin haya kaɗan yake samu, amma ya nema. Mai biyan bil da kansa, kamfanin ake tura wa kuɗin, don haka bil zai duba. Masu karɓar SNAP, wato tallafin abinci na gwamnati, da yawa ana saka musu ba tare da sun cika komai ba.

In an aiko takardar yanke wuta ko mai ya kusa ƙarewa, akwai tallafin gaggawa da akan buɗe a Janairu. In an hana ka, kana da damar neman a sake sauraron ƙararka. Kada ka jefar da wasiƙar.

Idan kuwa mai gida ne ya ƙi kunna ɗumi, wannan ba maganar HEAP ba ce. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, dole ɗaki ya kai digiri 62 na Faranhait da dare. Ku kira 311, lambar kai ƙorafi ta birnin. Gobarar Janairun 2022 da ta kashe mutum 17 a nan Bronx, yawancinsu 'yan'uwanmu 'yan Gambiya, daga ƙaramar hita ta tashi. Allah Ya jiƙansu. Tun daga ranar, duk wanda ya zauna gabana sai na tambaye shi da me yake ɗumama ɗakin yaransa.